Taswirar manhaja: yadda ake gane kan aikin da wani ya rubuta ya tafi

A ƙarshen zangon karatu na biyu wani ƙanena, wanda ya karanta kimiyyar kwamfuta kuma yake karɓar ƙananan ayyuka a cikin garin Katsina, ya same ni bayan sallar isha'i da kwamfutarsa a hammata, fuskarsa babu walwala. Wata makaranta mai zaman kanta ce ta ba shi aikin da kowa ya ɗauka na rabin yini ne. Makarantar tana da manhajar fitar da sakamakon jarrabawa wadda wani mai yi wa ƙasa hidima ya rubuta mata da harshen PHP, ya kammala shekararsa ya koma garinsu, yanzu kuma hukumar makarantar tana so a mayar da makin gwajin aji daga 30 zuwa 40, na jarrabawa kuma daga 70 zuwa 60. Ya nemo wurin da ake lissafin, ya canza alƙaluman, takardar sakamako ta fito daidai. Washegari shugabar makarantar ta kira shi, domin yarinyar da ta fi kowa maki ta fito ta huɗu a ajinta.

"Yaya," in ji shi, "wallahi na gyara, kuma na ga gyaran da idona. Amma akwai wani wuri da har yanzu yake lissafi da tsohuwar ƙa'ida, kuma ban san inda yake ba."

Abin da ya same shi shi ne abin da ke samun duk wanda ya gaji rubutun manhaja, tun daga mai ƙaramin shago a Ƙofar Kaura har zuwa injiniyan babban kamfani a Amurka. Wani bincike da aka buga a shekarar 2018, wanda ya bibiyi ƙwararrun masu rubuta manhaja a bakin aikinsu, ya gano cewa kusan kashi 58 cikin 100 na lokacinsu yana tafiya ne wajen ƙoƙarin fahimtar abin da aka riga aka rubuta. Girman abin ma ya wuce a karance shi: ƙwayar Linux, wani tsarin da ke tafiyar da kwamfutoci, ta daɗe da haura layin rubutu miliyan 30, injiniyoyin Google kuma sun bayyana a 2016 cewa taskarsu guda ɗaya tana ɗauke da layi kusan biliyan 2. Saboda haka aka ƙirƙiro kayan aikin da ke zana tsarin manhaja su nuna shi ga ido. Suna da yawa, kuma wanda bai san daga ina kowannensu ke samo labarinsa ba zai amince da hoton da bai kamata ya amince da shi ba.

Da farko sai an tantance abin da ake nufi da tsari. Mai buɗe manhaja yana fara ganin foldoji da fayiloli, sai ya ɗauka tsarin ke nan, alhali wannan adireshi ne kawai. Wanda ya san cewa wane yana Rafindadi, wane kuma yana Yarinci, bai san komai ba tukuna game da wa ke bin wa bashi, ko gidan wa ake fara sanar da rasuwa. Tsarin manhaja na gaskiya yana cikin irin waɗannan alaƙoƙi ne: wane dunƙulen umarni, wanda masu sana'ar ke kira fankshin, yake kiran wane, wane fayil ba ya iya aiki sai da wane, kuma ta ina bayani ke shiga, ta ina yake fita. Wurare uku kaɗai ake iya samo labarin waɗannan alaƙoƙi, wato rubutun kansa, da manhajar a lokacin da take aiki, da tarihin gyare-gyaren da aka yi mata. Kowane kayan aiki yana sha ne daga ɗaya ko biyu cikin waɗannan rijiyoyi, kuma kowace rijiya tana da abin da ba ta bayarwa.

Mafi yawan kayan aikin daga rubutun suke farawa. Abin da suke yi masa ya yi kama ƙwarai da li'irabin da ake koya wa ɗaliban nahawu a zaure: a ɗauki jimla a ce wannan fi'ili ne, wannan ne mai aikata shi, wannan lamiri kuma yana komawa ga sunan da ya gabata. Kwamfuta tana rarraba kowane layi haka, ta gina bishiyar da ke nuna abin da ke cikin wani abu, sannan ta haɗa kowane suna da wurin da aka fara ayyana shi. Wannan dabara tsohuwa ce, domin tun ƙarshen shekarun 1970 Ken Arnold ya rubuta ctags a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, wadda ke tara jerin sunaye da wuraren da suke. Babban sauyi ya zo a 2016, lokacin da Microsoft ya fitar da ƙa'idar LSP. Kafin ita, idan akwai manhajojin rubutu 10 da harsuna 10, sai an yi aiki sau 100 kafin kowace ta fahimci kowane harshe, amma da ita aiki 20 ya wadatar, tunda kowane harshe yana da mai fassara guda ɗaya da duk manhajojin ke yi wa tambaya. Albarkacin wannan ne mai aiki da manhajar rubutu ta VS Code yake ɗora alama kan suna ya danna F12 ya faɗa inda aka ayyana shi, ko ya haɗa da Shift ya ga duk wuraren da ake kiransa. A ganina, duk cikin kayan aikin da zan ambata babu wanda ya kai waɗannan maɓallai biyu amfani a aikin yau da kullum, ko da yake ba sa zana hoto mai ɗaukar ido, kuma ina takaicin yadda ɗalibai da yawa ke kammala karatu ba tare da an taɓa nuna musu su ba.

Da su muka fara a daren. Mun nemi duk masu kiran fankshin ɗin da ya gyara, sai muka ga shafin takardar sakamako kaɗai ke kiransa. Shafin da ke jera ɗalibai daga na ɗaya zuwa na ƙarshe bai san da shi ba, yana da nasa kwafin lissafin da marubucin farko ya kwafa ya liƙa. Wuri na biyu ke nan.

Daga wannan jeri na wa ke kiran wa ake samun zane. Kowane fayil ko fankshin ya zama ɗigo, kowace alaƙa ta zama kibiya. Ɗaya daga cikin injinan da suka fi daɗewa suna wannan aiki shi ne Graphviz, wanda aka fara a ɗakunan binciken kamfanin AT&T a farkon shekarun 1990: ana rubuta masa alaƙoƙin cikin ɗan sauƙaƙan harshe mai suna DOT, shi kuma ya lissafa inda zai ajiye kowane ɗigo domin kibiyoyi su rage gittawa juna. Doxygen, wanda Dimitri van Heesch ya fitar a 1997, yana dogara da shi wajen zana kiraye-kirayen C da C++ da wasu harsuna, haka nan pydeps na Python da Madge na JavaScript, masu Java kuma suna da jdeps tun fitowar Java 8 a 2014. Duk kyauta ne, kuma duk suna aiki ba tare da intanet ba, abin da ke da muhimmanci ga wanda ke ƙirga datarsa da awannin wutar unguwarsa.

Sai dai a nan ne sababbin shiga ke fara yin sanyin gwiwa. Mutum ya ba injin manhajarsa gaba ɗaya, ya jira, sai hoto ya fito kamar wayoyin lantarkin da suka cakuɗe a kan turken wuta na tsakiyar kasuwa, ba a gane inda kowace ta fito balle inda ta nufa. Dalilin lissafi ne: fayil 10 suna iya samun alaƙa har 90 a tsakaninsu, amma fayil 100 suna iya samun 9,900, idon ɗan Adam kuwa ba ya bin ko ɗari. Maganin shi ne a rage tambayar kafin a zana, a ce a nuna mini wannan fayil ɗaya da maƙwabtansa na kusa, ko a dunƙule kowace folda ta zama ɗigo guda. Akwai kuma masu barin kibiyoyi gaba ɗaya su koma jadawali, inda ake jera sassan manhaja a tsaye da kuma a kwance, a sa alama a gidan da biyu suka haɗu idan ɗaya yana dogara da ɗayan. Jadawalin ba shi da kyan gani, amma ba ya cakuɗewa komai yawan sassan, kuma nan take yake fallasa cuta mafi muni a tsarin manhaja, wato dogaron zagaye, inda sashen kuɗin makaranta yake buƙatar sashen rajista, shi kuma na rajista yake buƙatar na kuɗin. Irin wannan kamar gidaje biyu ne masu katanga ɗaya a cikin tsohon gari, ba a rushe ɗakin wannan a sake gini sai an taɓa na wancan, don haka sai kowa ya haƙura ya bar su suna tsufa tare.

Wasu masu bincike sun nemi hoton da ƙwaƙwalwa ta riga ta saba da shi. A 2007 Richard Wettel da Michele Lanza na Jami'ar Lugano a Suwizalan suka fito da CodeCity, wadda ke mayar da manhaja birni: kowane babban sashe unguwa ce, kowane ƙarami gini ne, tsayin ginin yana nuna yawan ayyukan da ke cikinsa, faɗinsa kuma yawan bayanan da yake riƙe. Duk wanda ya taɓa hawa hasumiyar Gobarau ya leƙa rufin gidaje ya san amfanin wannan da kuma iyakarsa. Daga sama ana ganin inda gari ya cunkushe da ginin da ya fi sauran tsayi, kuma hakan ya isa a nuna wa mai kamfanin da bai iya karanta PHP ba dalilin da ya sa gyara a wani wuri ke cin mako guda. Amma daga sama ba a ganin lungun da mutane ke bi da ƙafa, kuma mai gyara lungun yake nema.

Akwai wata iyaka da ta fi wannan zurfi, wadda ta shafi duk kayan aikin da ke karanta rubutu kawai. Manhaja tana iya yanke shawarar abin da za ta kira sai a lokacin da take aiki, ta haɗa sunan fankshin daga abin da mai amfani ya zaɓa, ko ta karanto shi daga fayil ɗin saiti, ko ta miƙa aikin ga rumbun bayanai cikin jimlar SQL, wato harshen da ake yi wa rumbun tambaya da shi, wadda a idon mai li'irabin PHP baƙaƙe ne kawai a tsakanin alamun zance. Tun aikin Alan Turing na 1936, da abin da Henry Rice ya ɗora a kai a farkon shekarun 1950, aka tabbatar da cewa babu wata hanya da za ta faɗi daidai abin da kowace manhaja za ta yi ba tare da an tayar da ita ba. Saboda haka kowane zane na wannan rukuni yana kuskure ta ɗayan fuska biyu, ko ya zana kibiyoyin da ba za a taɓa bi ba domin kada ya rasa ko ɗaya, ko ya zana waɗanda ya tabbatar kaɗai ya bar wasu na gaskiya. Wuri na uku a manhajar makarantar a nan ya ɓuya. Jadawalin da shugabar makaranta ke bugawa na aji gaba ɗaya yana samun jimillarsa ne daga wata doguwar jimlar SQL da aka rubuta 30 da 70 a cikinta, kuma F12 ba shi da hanyar sanin haka.

Rijiya ta biyu ce ta nuna mana shi. Maimakon a tambayi rubutu, sai a tayar da manhajar a bi sawunta. Muka kunna Xdebug, kayan aikin bin sawun manhajar PHP, muka buɗe shafin jadawalin, ya rubuta mana duk fankshin ɗin da aka kira bi da bi, muka ga babu ko ɗaya daga cikin wurare biyun farko a jerin, amma ga kira zuwa rumbun bayanai. Daga irin wannan bibiya ake yin zanen harshen wuta da Brendan Gregg ya ƙirƙiro a 2011, inda faɗin kowane tubali ke nuna rabon lokacin da ya ci, ta yadda mai neman abin da ke sa manhaja nauyi zai ga mai laifin da kallo ɗaya. A manyan tsare-tsare da buƙata ɗaya ke ratsa kwamfutoci da yawa, OpenTelemetry, wanda aka kafa a 2019, yana laƙaba wa kowace buƙata lamba ya bi ta duk inda ta shiga. Abin da wannan rijiya ta bayar gaskiya ne tsantsa, domin ya faru, amma gaskiyar hanyar da aka bi ce a ranar kawai. Sashen da ke ɗaga ɗalibai zuwa aji na gaba sau ɗaya yake aiki a shekara, kuma duk bibiyar da za a yi a zango na biyu ba za ta nuna yana nan ba.

Rijiya ta uku ita ce wadda na fi ganin darajarta, kuma ita ce muka fi sakaci da ita a nan. Git, wanda Linus Torvalds ya rubuta a 2005, yana adana kowane gyara da sunan wanda ya yi shi da ranar da dalilin da ya rubuta, kamar yadda malamai ke kiyaye salsalar wanda ya karɓa daga wane. Umarnin git blame yana nuna wanda ya taɓa kowane layi na ƙarshe, git log kuma yana ba da labarin fayil tun haihuwarsa. Adam Tornhill, ɗan ƙasar Suwidin da ya kafa kamfanin CodeScene, ya yaɗa wata dabara mai sauƙi a kan wannan, wato a haɗa yawan sauyin da fayil ke sha da sarƙaƙiyarsa. Sarƙaƙiya tana da ma'auni tun 1976, lokacin da Thomas McCabe ya ba da shawarar a ƙirga hanyoyin da ake iya bi a cikin fankshin, kowane sharaɗi yana ƙara hanya ɗaya. Fayil mai sarƙaƙiya da ba wanda ya taɓa shekara uku ana iya ƙyale shi, amma mai sarƙaƙiyar da ake taɓawa kowane mako shi ne ke cinye kuɗi da barci, kuma galibi irinsu 'yan kaɗan ne a cikin ɗaruruwa. Tarihi yana kuma tona alaƙar da rubutu ke ɓoyewa: idan fayil biyu kullum tare ake gyara su alhali babu kibiya a tsakaninsu, to akwai abin da aka kwafa ko aka yi yarjejeniya a kansa ba a rubuta ba. Da manhajar makarantar tana da tarihi, da wuraren nan uku sun fito tare tun minti na farko. Ba ta da shi, an miƙa wa ƙanena ita ce a filashi, cikin foldoji da yawa da kowace ke cewa ita ce ta ƙarshe, kuma haka ake miƙa yawancin manhajojin ƙananan makarantu da shaguna da asibitoci masu zaman kansu da na gani.

Duk waɗannan injin ne ke zana su. Akwai kuma zanen da mutum ke yi da hannunsa domin ya faɗi yadda ya nufa tsarin ya kasance. UML, wani tsarin ƙa'idojin zana manhaja wanda aka amince da shi a matsayin ma'auni a 1997 kuma har yau ake cika babi na uku na kundin kammala digiri da shi, yana da nau'o'in zane fiye da goma. Simon Brown ya rage abin zuwa matakai huɗu a tsarinsa na C4, daga manhaja da waɗanda ke hulɗa da ita, zuwa manyan sassanta, zuwa abin da ke cikin kowane sashe, zuwa rubutun kansa. Cutar zanen hannu ita ce tsufa, domin ana gyara manhaja a manta da hoton, bayan wata shida ya koma yana ɓatar da baƙo. Magani ɗaya shi ne a rubuta zanen da kalmomi, da Mermaid ko PlantUML, a ajiye shi tare da rubutun manhajar domin a riƙa gyara su tare, kuma tun 2022 GitHub, shafin intanet da ake ajiye rubutun manhaja, yana nuna zanen Mermaid kai tsaye. Magani mafi ƙarfi shi ne a mayar da zanen doka: da Deptrac a PHP, ko ArchUnit a Java, ko dependency-cruiser a JavaScript, ana rubuta cewa sashen shafuka ba ya magana da rumbun bayanai kai tsaye, duk ranar da wani ya karya wannan sai gwaji ya ƙi wucewa.

Hanyar da nake ganin ta fi kowace dacewa da mai gadon manhaja ita ce wadda Gail Murphy da David Notkin da Kevin Sullivan suka bayyana a 1995, aka kuma gwada ta a kan rubutun Excel na Microsoft. Mutum ya fara zana zatonsa da akwatuna kaɗan, sannan a kwatanta da abin da injin ya ciro daga rubutun, sai sakamako ya kasu uku: inda zato ya dace da gaskiya, inda akwai alaƙar da bai zata ba, da inda ya zaci alaƙa amma babu ita. Kashi biyun ƙarshe su ne karatun. Hikimar abin ita ce hoton injin ba ya koyar da wanda ya zo masa hannu rabbana, amma wanda ya zo da zato yana ganin daidai inda ya kuskure. Peter Naur na ƙasar Denmak ya yi bayani a 1985 cewa ainihin manhaja fahimta ce da ke zaune a kawunan waɗanda suka gina ta, kuma idan suka watse, rubutun da suka bari ba ya isa ya dawo da ita cikakkiya. Kayan aikin nan suna taimaka wa sabon mutum ne ya gina tasa fahimtar da sauri, kuma hakan ya shafi sababbin mataimaka masu ƙirƙirarriyar basira da ke bayyana manhaja cikin zance mai daɗi. Suna da amfani wajen samar da zaton farko, amma duk alaƙar da suka ambata sai an tabbatar da ita da F12 ko da bibiya, kuma bai halatta a ɗora musu rubutun da ke ɗauke da kalmomin sirri da sunayen 'ya'yan mutane ba tare da izinin masu shi ba. Wajen zaɓe kuma a duba ko kayan aikin yana da masu kula da shi, domin Sourcetrail, wanda mutane da yawa suka so, masu shi sun daina aiki a kansa a 2021.

A daren, kafin mu kunna Xdebug, na sa ƙanena ya zana zatonsa a bayan wata takardar sakamako da ta lalace. Ya yi akwati shida, ya ja kibiya daga kowane shafi zuwa akwatin lissafi guda ɗaya. Kibiya biyu daga ciki babu su a zahiri, kuma su ne wuraren da suka ba shi kunya a gaban shugabar makaranta. Cikin kwana biyu ya mayar da lissafin wuri ɗaya, ya fitar da 40 da 60 zuwa shafin saiti inda makarantar za ta iya canza su da kanta, ya sa manhajar cikin Git, ya rubuta akwatunan shida da Mermaid a fayil na farko da mai buɗewa zai gani. Sashen ɗaga ɗalibai zuwa aji na gaba ne ya rage, tunda ba zai motsa ba sai ƙarshen zango na uku. Ya roƙi makarantar kwafin bayanan bara, an ba shi bayan an cire sunaye, kuma a makon nan yake shirin tayar da sashen a kwamfutarsa ya bi sawunsa, ya ga ko akwai wuri na huɗu.